Ranar da Aka So Koya wa Kajina Iyo

Labarin nan kowa a layinmu yana da irin nasa, kuma duk sun ƙara masa gishiri. Tela maƙwabcinmu cewa yake kajin sun yi nutso har sau uku, matarsa kuwa ta rantse da idonta ta ga zakara yana iyo da baya. Ni ce mai kajin, saboda haka ku ji shi daga bakina.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Abin da ya bar mini ɗaki biyu ne, da fili a bayan gida, da kaji bakwai, da wani zakara mai ɗingishi. Yau kajin nan arba'in ne ban da zakaran, kuma babu wanda ya taɓa ɗaga mini ko bokitin ruwa. Mai sayen ƙwai ya san ni, mai sayar da dusa ya san ni. In sun hango ni tafe sai su gyara zama, domin ban taɓa karɓar maganar farko ba, ta biyun ma sai na juya ta na duba ƙasanta. Karatu kuwa wata biyu na yi a ajin manya, na fito da sunana da 'yan haruffa, sun kuma ishe ni.

Filin bayan gidan shi ne abin magana. Na gado ne, tsakanin maigidana da ƙaninsa, ba a raba ba. Ƙanin nan shi ake kira Masani, don tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya ce bai sani ba. Shi ne ya taɓa gyara wa tela keken ɗinki, keken ya yi mako guda yana ɗinki da baya.

Ran nan Masani ya tafi bita ta kwana uku, wadda wata ƙungiyar taimakon manoma ta shirya. Ya dawo da hula mai baki, da takardar shaida a cikin leda, da waya mai faɗin tafin hannu. Ko gidansa bai biya ba, sai ƙofar ɗakin kajina.

"Matar yaya, zamanin kiwo da ka ya wuce," in ji shi. "Masana sun yi shekara da shekaru suna tara ilimi, yanzu waya ta ɗauko shi ta kawo har ƙofar akurki. Abin da ya rage kawai a samu mai kai ya aikata."

Na ce, "To, Allah ya kawo mai kan."

"Ga shi a gabanki. Ba ni makullin."

Na taɓa bakin zanena inda makullin yake ɗaure, na ci gaba da shara. Da ya ga haka sai ya ɗaga murya yadda tela da matarsa za su ji ta kan katanga. Wai tsoron ilimi nake, wai filin gado ne ake ɓatawa a hannun wadda ba ta iya karanta ko takardar magani ba, wai zai kai magana gaban dangi. Kan tela ya ɓullo ta saman katanga, na matarsa ya biyo baya. Ni kuwa a ce ina tsoro a gaban mutane, ba a yi wannan ranar ba tukuna.

Na jingine tsintsiya na ce, "Kaji nawa kake so ka gwada da su?"

"Duka arba'in, wata guda."

"Biyu, kwana uku."

"Talatin."

"Biyu."

"Matar yaya, ai ciniki hawa ake yi."

"Kai dai sauko, za ka same ni."

Muka tsaya a kan kaji shida da zakara mai ɗingishi, mako biyu. In shidansa sun fi shida daga cikin nawa ƙwai, makulli ya koma hannunsa, filin ma shi zai riƙa juyawa. In ba su fi ba, wayar ta zama tawa, kuma kada in sake jin kalmar fili a bakinsa. Ya ce ai ƙungiya ta ba da wayar ne don mai gonar da za a yi gwaji a cikinta. Na ce to gonar ta wace ce? Tela ya ce shi shaida ne, matarsa ta ce ita shaidar shaida ce.

Nan take Masani ya zauna a kan turmi zai yi rajistar irin kiwon da waya za ta riƙa aiko masa saƙo a kai. Yatsunsa kauri ne da su kamar taɓarya, yana danna wayar ina leƙe ta kafaɗarsa. Sai na ga wani ɗan hoto ya fito, da kalma ɗaya a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Masani, ɗan hoton nan ba kifi ba ne?"

"Tambarin ƙungiya ne."

"Rubutun fa? A buhun abincin kaji akwai wani harafi mai kama da ƙugiya, da ɗigo a kansa. Nan ban ga ƙugiya ba."

"Farkonsa ba irin na buhun ba ne?"

"Irinsa ne."

"Ƙarshensa fa?"

"Shi ma."

"To na tsakiyar ado ne. Ke wata biyu kika yi a aji, ni kwana uku na yi a bita, amma kwana ukun nan na zamani ne."

Na sake leƙa rubutun. Gaskiya ban tabbata ba. Wata biyu ba su da yawa, kuma wa ya sani ko an sake wa haruffa kama tun bayan fitowata.

Ya raba filin da tsohuwar tabarma da sanduna, ya kai kajinsa can. Washegari da safe waya ta yi ƙara, ya tsaya a tsakiyar fili ya karanta kamar mai shela: "Manomi, barka da safiya. Ruwa shi ne rayuwarsu. Ka tabbata yana da tsabta, ka riƙa canja shi a kai a kai."

"Kin ji ko?"

Na ce, "Wannan ko kazar ta sani."

Rana ta biyu saƙon ya ce, "Idan ka ga sun ɗaga kai sama suna buɗe baki, ruwan bai ishe su ba, ka ƙara nan take." Masani ya tsuguna ya zuba wa kajin ido. Wata ja ta tsoma baki a kasko, ta ɗaga kai sama ta haɗiye. Ya zabura ya kawo kwano. Ta sha a kwanon, ta ɗaga kai. Ya kawo bokiti. Kafin rana ta take ya kwashe duk wani abu mai riƙe ruwa a layin, har bahon wankin matar tela, da kayanta a jiƙe a ciki.

Na ce, "Masani, kaza tun da aka halicce ta haka take shan ruwa."

"To tun da aka halicce ta take cikin wahala, ba wanda ya lura sai yanzu."

Rana ta huɗu waya ta ce zurfin ruwan ya kai ƙugun mutum. Masani ya auna ƙugunsa da igiya, ya ari diga da shebur, ya kama haƙa. Kwana uku yana yi, daga shi sai gajeren wando da hular bita. Tela ya dawo da kekensa gindin katanga don kada wani abu ya wuce shi.

Ya leƙo ya ce, "Masani, rijiya ce?"

"Wurin shaƙatawar kaji ne."

"Za a sa musu kujeru?"

"Kai ɗinka aljihu, ka bar wa masu ilimi iliminsu."

Ya shimfiɗa tamfol a ramin, ya cika shi da ruwa. In faɗi gaskiya rami ya yi kyau, gefensa a miƙe kamar an ja da zare. Kajin suka zo suka leƙa, suka ga fuskokinsu, suka koma gindin tabarma.

Sai saƙon abinci ya iso: "Ka watsa abincin a kan ruwa. Abin da ba su ci ba cikin minti goma, ka kwashe." Ya ɗebi dusa ya watsa a tsakiyar ramin, ya tsaya yana duban agogon waya. Kajin suka jeru a baki suna kallon abincinsu yana yawo. Minti goma na cika ya sa rariya ya kwashe tas, ya ce yau ba su da marmari. Kwana biyu ana haka sai suka gano wata ɓula a gindin tabarma, suka riƙa sulalowa wajena ɗaya bayan ɗaya. Ni ban kira su ba, ban kuma kore su ba. Su ci su ƙoshi, su hau akwatin kajina su ajiye ƙwansu, su koma wajen malaminsu.

Ya leƙo ya ce, "Matar yaya, kamar ƙwanki ya ƙaru."

"Albarka ce."

"Akwai na kajina a ciki."

"Zo ka nuna wanda aka rubuta sunanka a kai. Kai ne mai karatu."

Rana ta tara waya ta ce, "Ka raba manya da ƙanana, domin manya na cinye ƙanana." Masani ya ƙirga kajinsa ya samu biyar, ta shidan tana wajena a kan ƙwai. Ya juya a hankali ya dubi zakara mai ɗingishi. Zakaran ya dube shi da ido ɗaya.

"Dama na ga take-takensa," in ji Masani. "Dubi yadda ƙirjinsa ya cika."

Tela ya ce, "Har da gashin da ƙafafun ya haɗiye?"

"Irinsu ba sa barin shaida."

Ya bi zakaran nan ya zagaya ramin da shi sau huɗu, mai ɗingishi a gaba, mai takardar shaida a baya, kafin ya kife shi da kwando ya ɗora dutse. Jim kaɗan sai ga kaza ta shida ta ɓullo ta gindin tabarma tana taku ɗaiɗai. Masani ya dube ta ya ce wa tela, "Ka gani, da ya ji matsi ya mayar da ita."

Washegari saƙon ya ce babban abokin gabansu tsuntsu ne, kada a bar kowane tsuntsu ya kusance su, a rufe saman ruwan da raga. Ya kwance gidan sauronsa ya ɗaure a kan sanduna huɗu. Matar tela tana shanya ta ce, "Ni kuwa Masani, ita kazar mece ce?"

Ya ƙulle igiyar ƙarshe ya ce, "Kaza ta daɗe da barin tsuntsu. Mai tashi ake nufi."

Bai rufe baki ba jar nan ta buga fiffike ta haye katanga, ta sauka kusa da hannun matar tela. Ya ce wannan tsalle ne.

Duk wannan dariya nake a ciki, sai rana ta goma sha biyu. Na ji ya karanta da rawar murya: "Kada ka bari su daɗe a wajen ruwa, za su mutu." Na leƙa na gan shi da kaza a kowace hammata ya nufi ramin. Ban san lokacin da na tsallake tabarma na sha gabansa ba.

"Sauke su."

"Matar yaya, ceton rai nake. Kwana goma sha biyu suna waje, ikon Allah ne kawai ya riƙe su."

"Shekara biyu suke waje. Kazata ba ta shiga ruwa sai a gaban wanda ya aiko saƙon."

Ashe malamar gona ta ƙungiyar za ta zo jibi da wasu manoma, su ga gonar gwaji. Na ce to a jira ta. Ya ce in sun mutu kafin nan alhakin yana wuyana. Na ce na ɗauka, wuyan ya saba. Ya sauke su yana huci, ya koma ya tambayi waya yadda ake samun ƙwai da yawa. Amsar da ta ba shi ta sa ya bi layi gida gida yana gayyata. Wai ranar zai fitar da ƙwai dubbai daga kaza ɗaya, a gaban kowa, kowa ya zo da kwanonsa.

Ranar kuwa aka cika. Masu kwano sun zo da kwano, mai sayen ƙwai ya zo da kwali biyu ko da wani abu. Masani ya sha farar riga har ƙasa, ya kafa hular bita, ya miƙa wa tela waya ya ce ya ɗauki hoton tarihi. Kajin shida yana da su a kwando a bayan tabarma. Ni ina tsaye, hannuna a kan makulli. In malamar ta ce haka ake yi yanzu fa?

Malamar ta iso da dogayen takalman roba da 'yar komar kamun kifi a hannu, manoma kamar goma a bayanta. Ta zagaya ramin, ta tsoma sanda ta duba zurfi, ta ɗebi ruwan ta shinshina, ta taɓa ragar.

"Cikin duk waɗanda suka yi bita, babu wanda ya bi saƙo daki daki irinka," in ji ta. "Ku duba nan, haka ake so."

Masani ya waiwayo ya dube ni, ya dubi bakin zanena.

Malamar ta leƙa ruwan ta ce, "Amma ban ga motsi ba. Ina suke?"

"Suna kwando, Malama."

"Kwando? Tun yaushe?"

"Tun safe. Dama can ba su cika son ruwan ba, sai dai su tsaya a baki su kalla."

Malamar ta sake leƙa ruwan. Shi kuwa ya wuce bayan tabarma, ya jawo kwandon har bakin rami, ya zaro jar kazar nan. Ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma kamar yadda waya ta ce, ya ajiye kwano a ƙasa, ya ce jama'a su matso.

"In cikin macen ya cika, matsawa ake a hankali. Ku sa ido a kwano."

Ya matsa. Abu ya fito kam, sai dai ba ƙwai ba ne, kuma ba a kwano ya sauka ba. Tun daga ƙirjin farar rigar ya zana layi har gwiwa. Kazar ta fizge fiffike ɗaya ta wanke shi da mari, ya ja da baya, ya taka bakin tamfol mai santsi. Ƙafarsa ɗaya ta shuri kwandon, ɗayar ta tafi sama, sai ji muka yi tinjim. Sandunan ragar suka biyo shi, gidan sauro ya rufta a kansa. Kaji biyar suka watse cikin ƙafafun manoma, jar ta haye kan katanga, zakara mai ɗingishi ya samu kansa daga nasa kwandon ya zo bakin rami ya yi cara.

Masani ya miƙe tsaye cikin raga, hular bita tana yawo a gefensa. Ruwan daidai ƙugunsa, ko yatsa bai ƙaru ba.

Tela, da waya a hannu, ya ce, "Malama, ga na farko an kama. A auna shi?"

Sai da malamar ta zauna a kan turmi ta share hawayen dariya kafin ta karɓi wayar. Ta danna, ta duba, ta ce, "Malam, ai kifi ka yi wa rajista."

"Kaji na danna," in ji shi daga cikin raga.

"Kaji na sama, kifi na ƙasansa. Ga hoton ma."

Na matso na ce, "Malama, tambaya gare ni. Kaji, a rubuce, ba shi da wani harafi mai kama da ƙugiya?"

"Yana da shi, Mama. Da ɗigo a kansa."

"Ba a sake masa kama ba?"

"Ba a sake ba."

"Ƙara faɗa da ƙarfi, ruwa ya shiga masa kunne."

Tela ya ɗaga kwanon Masani ya nuna wa jama'a, ya kife shi, ya ce a matsayinsa na shaida ƙwan wannan ɓangare bai kai ɗaya ba. Na miƙa hannu, malamar ta sa mini wayar a ciki. Ta ce dama ta mai gona ce, za ta gyara rajistar ta koma kaji, kuma akwai saƙon murya ga wanda karatu bai dame shi ba. Na ce ta sa mini muryar, amma kada ta goge kifin.

"Me za ki yi da shi, Mama?"

"Ke da bakinki kika ce ba rami irin wannan. A bar shi sauro ya haihu a ciki?"

Ta yi dariya ta ce ƙungiya na ba masu farawa 'ya'yan kifi hamsin. Na ce ramin da ya ɗauki ƙaton mutum har da rigarsa, hamsin? Ta ce ɗari. Na ce manoma goma ta kawo suka ga darasi kyauta, kuma darasin da ba za su manta ba. Muka rabu a kan ɗari biyu da buhun abincinsu na farko. Tana tafiya tana cewa da ni aka tura bitar.

Masani ya fito yana ɗiga, ya matse hularsa ya mayar. Ya ce wa mutanen da suka rage, "Ni dama kifin nake nufi. Kajin gwaji ne, don a ga ko tsarin yana da ƙarfi."

Na ce, "Madalla. Tunda ka yi mako biyu kana karatunsa, ga bokiti."

Yanzu kullum da safe wayar tana gaishe ni da muryar mace, ta yi bayanin kaji, ta yi na kifi. Abin da na sani in ce mata na riga ki. Abin da ban sani ba, kamar ware sabuwar kaza kwanaki kafin a haɗa ta da sauran, in aikata ban gaya wa kowa ba. Makulli yana nan a bakin zanena, kalmar fili kuwa ba ta sake fitowa ba. Masani shi ke canja ruwa da gadin raga, ni ke riƙe waya, in kunna masa ya ji, in sake kunnawa don kada na tsakiyar ya zama ado.

Jiya ina tsince ƙwai na ji shi yana kora a bakin rami. Kajin ne suka jeru suna leƙen 'ya'yan kifi, jar nan a gaba.

"Ku tashi daga nan, tsuntsayen banza."

Matar tela ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Au, Masani, sun koma tsuntsayen?"

Ya gyara hularsa ya ce, "An sabunta bayanin."